Wata bakwai ba ruwan sama: ina manomi zai samo kuɗin rani?

Duk shekara da an gama kaka, an kai hatsi gida an tara kara, tambaya ɗaya za ka fara ji a majalisa da bakin masallaci, wai wace sana'a mutum zai kama kafin ruwa ya sauko? Amsoshin ma an haddace su, wannan ya ce noman rani, wancan ya ce kiwo, wani ya ce kai dai ka hau mota ka yi Kudu. Kowa da gaskiyarsa, amma ni a ganina akwai tambayar da ake tsallakewa, wato shi kuɗin ranin nan wane aiki ake so ya yi maka? Don in ba ka san wannan ba, tsaf za ka sha wahalar wata biyar ka dawo da sabuwar waya da shadda kala biyu, ranar da aka yi ruwan shuka kuma a gan ka ƙofar gidan mai bada bashin taki.

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Daga Kano zuwa Katsina da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, ruwa yakan zauna ne daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, in an yi sa'a ya ɗan taɓa Oktoba. Ka haɗa da sharar gona da girbi, aikin duka bai fi wata biyar ba, saura bakwai kenan. Buhun hatsi kwano 40 ne. A ce gidanka kwano biyu ake ci a rana, buhu ɗaya kwana 20 zai yi, daga Nuwamba zuwa lokacin da sabon gero zai shigo kuwa wata goma ne, kwana 300, buhu 15 kenan, kuma wannan fa tsabar tuwo da koko ce kawai, ba kuɗin miya, ba sabulu, ba maganin yaro, ba kuɗin makaranta, ba gudummawar biki, bikin kuma duk a kaka da rani ake jera shi saboda lokacin ne ake ganin mutane da abin hannu. Toh duk waɗannan daga ina za su fito? In babu wata hanya, daga rumbu. Ana ɗiba kwano biyar yau, buhu gobe, a kai kasuwa daidai lokacin da kowa ke kaiwa, farashi na ƙasa, sannan a watan Yuli da Agusta, ga aikin gona ga marka, mutumin nan ya koma awo da tsada, wani lokacin ma hatsin da ya sayar ne yake sake saya a hannun wanda ya ajiye.

Saboda haka aikin kuɗin rani na farko shi ne ya tsaya tsakaninka da rumbu. Na biyu ya ajiye maka kuɗin taki da iri da 'yan ƙwadago kafin Mayu ta fita. Ni da wannan nake auna kowace sana'ar rani, ba da abin da ke shigowa aljihu kullum ba, sai kuma abu guda da nake ƙarawa, ranar da ruwa ya sauka sana'ar za ta sake ka ka koma gona ko riƙe ka za ta yi?

Noman rani shi kowa ke fara ambata, kuma gaskiya in ya yi kyau babu kamarsa, sai dai ana maganarsa kamar abu ɗaya ne alhali ba ɗaya ba ne. Mutumin Kura ko Kadawa ko Bunkure da gonarsa ke bakin kanal, wanda ruwan madatsar Tiga ke gangarowa har gonarsa (madatsar nan tun zamanin Audu Baƙo ce, 1974 aka gama ta), lissafinsa daban da na wanda zai haƙa rijiya a fadama ya sa inji da tiyo. Shi na biyun fetur yake sha. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi a Najeriya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000, kuma inji ba ya jin ka yi haƙuri, duk bayan 'yan kwanaki sai an yi ban-ruwa har wata uku zuwa huɗu. Shi ya sa wasu suka juya injinansu zuwa gas, masu ɗan ƙarfi suka koma sola, wadda sayenta akwai nauyi amma in ka wuce nan rana kyauta ce. Wanda zai shiga sabo, kafin ya tambayi wane iri ne mai kyau, ya fara zama ya ƙirga sau nawa zai tada inji daga dashe zuwa tsinka, ya buga da kuɗin mai, in abin ya ba shi tsoro to gara ya rage filin tun yanzu, da ya noma babba ya kasa shayar da shi a tsakiya.

Sai kuma abin da za a shuka, nan ma akwai magana. Alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake zuba ta, wanda ya makara zafin bazara zai riske ta tana cika ido, ya tashi da ƙanƙararriyar tsaba. Tumatir kuwa, kai, tumatir shi ne mai sa mutum dariya da kuka a mako ɗaya. Kowa lokaci ɗaya yake dasawa, don haka kowa lokaci ɗaya yake tsinka, ka je Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya wajen Fabrairu zuwa Maris ka ga kwanduna jere iya ganinka, dillalai na tafe suna ɗaga ganyen da aka rufe baki da shi suna taɓe baki, sun san ba za ka mayar gida ba, kaya ne da ba ya kwana uku. In motocin Legas sun yi ƙaranci ranar ko labari ya zo cewa kasuwar Mile 12 ta can Legas ɗin ta cika, shikenan, sai yadda suka ce. Wanda ya ƙi sayarwa sai dai ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, ita ma sai da wurin shanya mai tsabta da haƙurin jira. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda a 2016 ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har sai da jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma har yau tana dawowa in zafi ya shigo. Albasa ta fi sauƙin kai ta wannan fuskar, don tana ajiyuwa, mutanen Galmi a jihar Tawa da na Aliero a Kebbi da ita suka yi suna, ta Galmi har Gana da Kwaddibuwa take zuwa. Amma ita ma ribar ba ranar cira take ba, tana wajen wanda ya iya ajiye ta a rumbu mai iska wata da watanni yana juyawa yana tsince ruɓaɓɓu, ya kuma yarda cewa buhu goman da ya zuba ba goma zai kwasa ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ba sai kana da fili kake cin kuɗin fadama ba. Akwai dashe, cire ciyawa, ban-ruwa, tsinka, saƙa kwando, lodi, gyaran inji. Ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma bai zuba jari ba, sharon ba ta shafe shi ba, dillali bai wulaƙanta shi ba, kuma a gidansa yake kwana. Kuɗin ba yawa, amma in ya ishi cefane da sabulu to rumbu ya huta, aikin farko ya biya kenan. Matasa da yawa raina wannan suke saboda a garinsu ne, ido ya san su, sun gwammace su je inda ba a san su ba su yi wanda ya fi shi wahala.

Kiwo, musamman turkar rago, ni shi na fi so wa mai ƙaramin ƙarfi a 'yan shekarun nan, kuma dalilina kalanda ce. Babbar Sallah a Najeriya ta faɗo 16 ga Yuni a 2024, ta faɗo 6 ga Yuni a 2025, haka za ta yi ta ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, zuwa 2030 tana cikin Afrilu. Ma'ana kasuwar layya tana ci ne daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki, ka sayar da rago yau, gobe ka sayi taki. Shekarun baya da sallar ke zuwa a Satumba ko Oktoba abin bai zo daidai haka ba. Sai dai turka ba sayen rago a ɗaure ba ce kawai. Ribar tana cikin abincin, abincin kuma a kaka ake tara shi, harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa da ka ɗora a kan rufin ɗaki ko reshen bishiya a Nuwamba kusan kyauta ce, ita ce kuma za ka ga ana sayar da ɗan ƙulli da tsada a Afrilu. Wanda ya sayar da harawarsa a gona sannan ya zo yana sayen dusa kwano-kwano da bazara, wallahi ragon ne ke kiwonsa. A sayi ramamme amma mai lafiya, mai ƙashi da tsayi, Balami ko Uda in da hali, 'Yankasa in jarin kaɗan ne, a kasuwa irin Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ko Mai'aduwa ranar Lahadi, a fara da maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi, a ba shi wata uku zuwa huɗu, ba shekara ba, don akwai inda yake kaiwa ya daina ƙara nama sai ci. Matsalarsa biyu ce, ciwo da ɓarawo, kuma in rago uku gare ka ɗaya ya faɗi, ribar sauran biyun ta tafi.

Ajiya kuma, wato a sayi hatsi a kaka a jira ya tashi, mutane sun ɗauke ta kamar riba ce tabbatacciya. Yawancin shekaru haka ne, amma a tambayi waɗanda suka cika sito da masara da gero a ƙarshen 2024, a 2025 farashi ƙasa ya yi maimakon sama, da yawa uwar kuɗinsu ma ba ta fito ba, balle wanda ya ranto. Ga manomi dai ajiyar da ta fi ita ce kar ya sayar da nasa da wuri. Wake in za a ajiye a nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Purdue ta Amurka, in an ɗaure shi da kyau ƙwaro iska ke ƙare masa ya mutu ba sai an zuba guba ba. A Nijar akwai tsarin da suke kira warantaji wanda ya kamata a ce ya yaɗu fiye da haka, ƙungiyar manoma ta tara hatsinta a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen asusun da ke bada rance, a ba kowa bashin wani kaso na darajar kayansa ya je ya yi kiwo ko lambu, bayan wasu watanni ya biya a buɗe masa hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Kun ga wannan kai tsaye matsalar da muka fara da ita ya kama.

Yanzu cin rani. Tsohon abu ne, kakanninmu sun yi, Sabo a Ibadan da Agege a Legas da zangon Kumasi duk akwai sawun masu zuwa su koma a cikin tarihinsu. Kuma yana da wata riba da ba a gani a aljihu, baligi ɗaya ko biyu in sun bar gida wata biyar, abincin da za su ci ya zauna a rumbu. Ayyukan an san su, ga-ruwa, dako, gadi, shushaina, yankan farce, tura baro, leburanci a wajen gini, shayi. Amma wanda ya fi kawo kuɗi da sauri, wato acaɓa, ƙofarsa sai rufewa take, Abuja ta hana a tsakiyar birni tun 2006, Kano ta hana a Janairun 2013, Legas ta hana gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, irin su Ikeja da Surulere da Apapa, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Ka ɗauka yaro ya sayar da buhunan gidansu ya haɗa ya sayi babur, aka kama a sati na biyu, ina aka dosa? Shi ya sa in za a tafi, ni na fi yarda da aikin da jarinsa ƙarfin jiki ne ko ɗan abin da in ya salwanta ba zai taɓa gida ba.

Sannan a yi lissafi na gaskiya, kuɗin mota zuwa da dawowa, wurin kwana ko da baranda ce ana biya, abinci sau biyu a garin da komai sai an saya, tikitin 'yan yuniyon, hayar kura in ga-ruwa ne, wadda ko ka sayar da ruwa ko ba ka sayar ba sai ka biya mai ita, da ranakun zazzaɓi. Abin da ya rage shi ne kuɗin ranin. Kuma mai wayo ba ya tara shi a aljihu, duk sati yake turawa ta POS zuwa hannun wanda ya yarda da shi, ko ma ya ce a saya masa taki buhu-buhu a ajiye tun farashi bai motsa ba, don kuɗi a hannun matashi a birni ƙafa gare shi. Hanyar ma ba kamar da ba ce, kowa ya tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025 suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal. A ɓangaren Nijar masu nufar Aljeriya da Libiya sun fi kowa sanin sahara, a Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Haƙar zinare ba zan daɗe a kai ba. Tun da aka gano na Jado a arewacin Nijar a 2014 matasa ke kwarara can, a jihohin Zamfara da Neja ma haka, kuma eh, akwai wanda ya samu, shi ake nunawa. Ba a nuna wanda rami ya rufta da shi, ko yara aƙalla 400 da gubar dalma ta kashe a yankin Anka da Bukkuyum a 2010 saboda ana niƙa dutsen a cikin gida. Ita ce kuma sana'ar da ta fi kowacce ƙin sakin mutum ya koma gona, kullum gani yake gobe zai dace. Haka 'yan danne-dannen waya, wanda ya kwana yana taɓa allo a kan wasan Hamster Kombat, mai alƙawarin biyan kuɗin intanet, a 2024 ya san abin da aka ba shi a ƙarshe ko kuɗin data bai mayar ba, wanda ya zuba kuɗin kakarsa a CBEX kuwa, manhajar nan ta zuba jari, rushewarta a Afrilun 2025 ta ishe shi bayani. Waya tana da amfani a rani, amma wajen jin farashin kasuwannin Kano irin Dawanau da 'Yankaba kafin ka ɗora kaya a mota, ko tallata ragunanka, ko sana'ar caji da POS in garin akwai kasuwa.

Abin da ke ban mamaki, duk wannan muhawara maza ke yinta, alhali a gidaje da yawa kuɗin da ke tsare rumbun daga cikin gida yake fitowa. Matar da ke sayen gyaɗa ta soya ta matse mai ta yi ƙuli, ko ta turara shanshera ta kai inji ta sayar da shinkafa kamar yadda matan Kura suka shahara, ko mai awara, mai daddawa in kalwa ta nuna da bazara, mai ɗinkin hula, ita ba ta biyan kuɗin mota, ba ta hayar wurin kwana, dusar da ta fito ta ba akuya, akuyar ta haihu, ribar ta zuba adashi. Kuɗin kaɗan-kaɗan ne amma kullum ne, kuma kullum ɗin shi ne daidai yadda cefane ke cin rumbu. Maigidan da zai ware mata buhun gyaɗa ɗaya a kaka a matsayin jari, ba rance ba, sau da yawa ya fi wanda ya kashe kuɗin buhun a motar Fatakwal dabara. Illa dai a bar yara su je makaranta, kar a ce tunda sana'a ta kankama sai talla safe da yamma.

Ba manomi kaɗai ke da watannin zaman banza ba, kowa da nasa ranin. Tela ba ya barci daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah, bayan nan sai ya wuni yana kallon titi. Mai ƙanƙara da lemon sanyi hunturu ne ke kashe masa kasuwa, maginin laka damina ce, malamin makarantar kuɗi kuma akwai inda dogon hutu ba albashi. Wanda ya fi burge ni a nan mai baro ne. Ka lura da shi shekara guda, da sanyi rake ne a baron yana fere shi yana yanka gaɓa-gaɓa, zafi na shigowa ya koma mangwaro da kankana, azumi ya zo ya ɗora dabino, ruwa na sauka sai dafaffiyar gyaɗa da masara. Baron bai canza ba, wurin tsayuwarsa bai canza ba, masu sayensa su ne dai, kayan kawai yake juyawa. Telan da ya gane wannan shi ne wanda da sallah ta wuce yake zagaya makarantu neman kwangilar yunifom kafin Satumba, ko ya koma labule da zanen gado na amare tunda kaka na tafe, keken dai shi ne, bai je ya sayi firiza ya fara abin da bai sani ba. Sana'ar gefe in ta hau kan kayan aiki da mutanen da kake da su, asararta kaɗan ce ko ba ta yi ba.

Saura maganar dawowa, wadda a nan ne da yawa ke zubar da abin da suka tara. Ruwa yana fara sauka a Kudu tun Maris, a arewacin Katsina da Damagaram kuwa sai a kai Yuni ana kallon sama, wannan ke ruɗin mutum ya ce bari in ƙara sati biyu tunda kasuwa na ja. Amma gona ba ranar shuka take fara neman mai ita ba, akwai sassabe da ƙona, akwai kai takin gida da amalanke tun Afrilu, akwai gyaran garma, masu binne ma tun ƙasa na bushe suke zuba iri. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, jiha-jiha har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, ana karanta shi a rediyo da Hausa, ba wahayi ba ne amma ya isa mutum ya tsaida ranar da zai baro inda yake. In kuma gadi yake ko wani aiki mai albashin wata, ya gaya wa mai gidan tun ranar ɗauka cewa watan kaza zai tafi, ya kawo ƙaninsa ko ɗan garinsu ya riƙe masa wurin, in ba haka ba kuɗin watan ƙarshe sai an kai ruwa rana kafin ya fito, baɗi kuma ya dawo ya tarar an sa wani.